Kadada Shida a Ƙarƙashin Kwalekwale

Ƙasa ba ta yi ihu ba ranar da ta fara lotsawa.
Ƙofar ɗaki ce kawai ta ƙi rufuwa,
na sassaƙe gefenta ina zagin kafinta.
Guizhi ta ajiye ƙwai a kan teburi,
ƙwai ya gangara da kansa, ya nufi arewa.

Can ƙarƙashinmu, gaba ɗari uku,
ana yashe kwal ba dare ba rana,
ɗana Wenhai na cikin masu yasar.
Ya fito da asuba, baƙi ƙirin sai haƙora,
ya ci gurasar alkamar da ta tsiro a saman kansa,
ya ce, Baba, albashi ya fi damina cika alkawari.
Ban musa ba.
Da kuɗin ramin muka sayi maganin uwarsa.

Shekarar farko kunya uku suka jiƙe babu hadari.
Ta biyu alkama ta yi rawaya tun tana gwiwa.
Ta biyar kwaɗi suka kafa kasuwa
a inda nake shanya tafarnuwa.
Ta tara muka tone kakanni, muka sa su a tuluna,
muka hau da su kan tudu muna ba su haƙuri.
Mahaifiyata ce ba mu samu ba,
ruwa ya riga mu isa gare ta.

Yanzu muna hawa na biyar a benen kamfani.
Famfo yana zuba, fitila ba ta ɗaukewa,
Guizhi na shuka albasa a tsohon bokiti,
fartanyata tana rataye a bayan ƙofa
kamar baƙon da ya rasa ranar komawa.

Jiya wata yarinya ta zo daga jami'ar Hefei,
Xun Meiqin, da tabarau da ƙaramar kwamfuta,
ta biya ni in tuƙa ta tsakiyar tabki.
Muka wuce farantan sola suna iyo sahu-sahu,
muka wuce sandar waya, kanta kawai ya saura.
Ta nuna mini taswira: kore gona, shuɗi ruwa.
Ta ce, Tsoho Pu, a lissafinmu
kadadar ruwa ta fi kadadar gona daraja.
Yana sanyaya iska, yana shanye ambaliya,
tsuntsaye na yada zango a kansa.
Darajar ƙauyenku ƙaruwa ta yi.

Na tsayar da filafili.
Na ɗauki gora na zura ta ƙasa,
ta shige, ta shige, har hannuna ya jiƙe zuwa kafaɗa,
sai ta ce ƙwas.
Na ce, kin ji? Rufin rumbuna ke nan.
Taku goma gabas akwai kanya mai jan 'ya'ya,
a gindinta Wenhai ya koyi tafiya.
Buhu tamanin wurin nan yake ba ni
idan sanyi ya zo a kan kari.
A wane layi kika rubuta wannan?

Ta duba kwamfutarta, ta daɗe tana dubawa.
Ta ce buhunan suna ciki,
sauran ba a yi musu gurbi ba.
Ta cire tabarau ta goge, ba su yi datti ba.

Ba zan ɓoye ba, tabkin yana da kyau da yamma.
Zalɓe ya zo, wanda ban taɓa gani ba ina yaro,
bado ya rufe hanyar da muke bi zuwa niƙa,
kifin ma yana da ƙiba, yana biyan kuɗin wuta.
Wanda ruwa ya ci gonarsa
dole ya koyi cin abin da ke cikin ruwa.

Kafin mu juya na ja ƙugiyata,
babban kifi ya biyo ta yana wutsil-wutsil.
Ta tambaye ni da me nake ɗanawa.
Na ce da ƙullun alkama,
a kanti nake sayen garin,
an ce daga wata ƙasa ake kawowa.